Yaron da Muka Ce Ba Ya Ji

A Hausa kalmar "ji" ta fi girmanta nauyi. Da ita muke jin sauti, da ita muke jin harshe, da ita muke jin yunwa da zafi da daɗi, kuma da ita muke auna tarbiyya. Idan aka ce yaro ba ya ji, da wuya wani ya tuna da kunne. Taurin kai kowa zai kawo a ransa. Wannan haɗuwar ma'ana ta jawo wa yara da yawa bulalar da ba su ci ba, kuma wasu daga cikin bulalun nan da hannunmu aka yi su, mu malamai.

Ba a littafi na karanta wannan ba. Shekarun baya, ina riƙe da aji huɗu a wata makarantar firamare, akwai wani yaro da ke zama can ƙuryar aji. Idan ina kiran rajista sai na maimaita sunansa sau biyu ko uku, har na kusa da shi ya zungure shi, kafin ya amsa. Idan na yi shifta sai ya kawo mini takarda rabinta fari fat, amma duk abin da na rubuta a allo yana kwafe shi tsaf, da rubutun da ya fi na kowa kyau a ajin. Tunda na ga ba daƙiƙi ba ne, sai na yanke hukuncin cewa raini ne. Na yi masa faɗa, na sa shi kamun kunne, na doke shi fiye da sau ɗaya. Wata rana tayar wata babbar mota ta fashe a titin da ke bayan makaranta, aji gaba ɗaya ya zabura, ni ma na zabura. Shi kuwa sai da ya ga kowa ya miƙe sannan ya ɗago kai, yana bin fuskokin 'yan uwansa da kallo don ya gane abin da ya faru. A nan jikina ya yi sanyi.

Da na aika aka kira mahaifiyarsa, abin da ta ce da ni shi ne: "Malam, ai tun da ya yi sanƙarau yana ɗan shekara shida kunnen ya tafi. Mun ɗauka kun sani." Shekararsa uku ke nan a hannunmu, malamai uku sun riƙe shi, ba wanda ya sani, ba kuma takardar da aka rubuta. Da yake ya iya magana kafin ciwon ya same shi, maganar ce ta rufe asirin kunnen.

Abin da na iya yi shi ne na dawo da shi bencin gaba. A nan ilimina ya ƙare. Na tambayi shugaban makaranta, ya ce bai taɓa cin karo da irin wannan ba. Muka tambaya a sama, aka ba mu sunan wata makarantar kwana ta musamman mai nisan gaske, mahaifin yaron ya ce ba shi da halin kai shi, kuma ba zai rabu da yaron da ba ya ji ya tura shi garin da bai san kowa ba. Ban ga laifinsa ba. Yaron ya lallaɓa ya gama aji shida, aka kai shi koyon ɗinki. Ɗinki sana'a ce mai daraja, ta rufa wa mutane da yawa asiri, sai dai shi ba zaɓa ya yi ba. Sauran ƙofofin ne ya tarar a rufe.

Tausayi bai yi ƙaranci a labarin nan ba. Uwar ta ji tausayinsa, ni ma daga baya na ji. Abin da aka rasa shi ne wurin zuwa: wanda zai auna kunnen ya faɗi abin da ya rage na ji, wanda zai koya wa uwa da ƙanne yadda za su yi magana da shi, wanda zai nuna wa malami yadda ake koyar da irinsa, da wanda zai tsaya tsakaninsa da likita ko alƙali ya fassara. Waɗannan hidimomi ne, kamar rijiyar burtsatse da ɗakin shan magani, kuma amfaninsu sai sun kasance a kusa, inda talaka zai isa da ƙafa ko da kuɗin a-daidaita-sahu. Ra'ayina shi ne reshenmu na ƙungiyar malamai ya kamata ya sa hannu wajen samar da su a ƙaramar hukumarmu, kada mu jira sai an aiko su daga Abuja.

Mu fara da girman al'amarin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da kashi 5 cikin 100 na mutanen duniya, wato kimanin mutum miliyan 430, suna da raunin ji da ya kai matsayin buƙatar taimako, kuma miliyan 34 daga cikinsu yara ne. Hukumar ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na raunin ji a yara yana faruwa ne ta hanyoyin da za a iya kauce musu. Mu kuwa muna zaune a tsakiyar yankin da sanƙarau ya fi addaba a duniya, zirin da ya taso daga Senegal ya dangana da Habasha. Manya a cikinmu ba su manta annobar 1996 ba, wadda ta kama sama da mutum dubu 100 a Najeriya, ta kashe sama da dubu 11, galibi a Arewa. Ta 2017 ta fi tsanani a Zamfara da Sakkwato da Katsina. Ana ƙidaya waɗanda suka rasu, a yi ta'aziyya, a watse. Waɗanda suka tashi ba a cika bin sawunsu ba, alhali kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tsira daga wannan ciwo suna fita da wata illa mai ɗorewa, kuma kurumta tana cikin waɗanda suka fi yawa. Bayan sanƙarau ga ƙyanda, ga hangum, ga shawarar da ke kama jarirai a makon farko a yi ta ba su jiƙo maimakon a kai asibiti, ga kunnen da ke zubar da mugunya wata da watanni har dodon kunne ya huje, ga wasu allurai irin su jentamaisin da ake yi wa yara barkatai a kemis ba tare da umarnin likita ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da wakili a azuzuwanmu, ko mun gane shi ko ba mu gane ba.

A shekarar 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafin da ke kare mutum daga nau'i biyar na ƙwayar sanƙarau. Wannan abin a yaba ne, kuma malamin da ya tsaya a taron iyaye ya ƙarfafa musu gwiwar kai yara rigakafi ya yi wa kunnuwan gobe hidima. Amma rigakafi na waɗanda ciwon bai kai gare su ba ne. Wanda ya riga ya rasa ji fa?

A nan ne nake ganin mun fi yin kuskure, domin mun ɗauka matsalar kurma ita ce sauti. Babbar matsalarsa ita ce harshe. Yaron da aka haifa yana ji yana tsintar Hausa ne a bayan uwarsa, a tsakar gida, a bakin murhu, ba tare da kowa ya zaunar da shi ba. Kafin ya shiga aji ɗaya ya riga ya mallaki dubban kalmomi, ya san tambaya da amsa, jiya da gobe, dalili da sakamako. Sama da kashi 90 cikin 100 na yara kurame iyaye masu ji ne suka haife su, iyayen da ba su taɓa tunanin magana da hannu ba. Sai yaro ya shekara biyar, shida, bakwai, a tsakiyar danginsa, ana ci da shi ana sha da shi, amma abin da ke shiga tsakaninsa da su bai wuce nuni ba: zo, tafi, ci, bari. Shekarun da ƙwaƙwalwa ta fi buɗewa ga harshe su ne na farkon rayuwa, kuma in suka wuce ba sa dawowa yadda suke. Shi ya sa a ƙasashen da suka ɗauki abin da muhimmanci ake gwada kunnen jariri kafin ya cika wata ɗaya, a tabbatar da matsalar kafin wata uku, a fara taimaka masa kafin wata shida. Mu kuwa sai yaro ya kai shekara uku bai yi magana ba, a ce nauyin baki ne, ya gado wajen kawunsa. Ya kai biyar, a ce iska ce, a shiga yawon neman magani. Icen da ya kamata a tanƙwara tun yana ɗanye sai ya bushe ana kallo. Daga baya a kawo shi makaranta a ce ba ya ganewa, alhali ba basira ya rasa ba, harshen da zai zuba basirar a ciki aka hana shi.

Wani zai ce ai suna karanta leɓe. Ina roƙon mai wannan magana ya tsaya gaban madubi ya ce "baba" sannan ya ce "mama" ba tare da ya fitar da murya ba, ya gani ko zai bambance su. Ya gwada "kaya" da "ƙaya" da "gaya". Sannan ya tuna Hausa harshe ne mai karin sauti: kuka na hawaye da kuka ta miya a leɓe abu ɗaya ne. Karanta leɓe rabinsa cinke ne, kuma cinke sai ga wanda ya riga ya san harshen.

Abin mamaki shi ne harshen da ake buƙata yana nan tare da mu tun kaka da kakanni. Kuramen ƙasar Hausa suna da harshensu, maganar hannu, wanda wasu ke kira maganar bebaye. Ba Hausa ce da aka mayar hannu ba; harshe ne mai zaman kansa, da ƙa'idojinsa da salonsa da barkwancinsa, ana gadonsa daga manyan kurame zuwa ƙanana a majalisu da kasuwanni. Wata masaniyar harshe Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta yi nazarinsa, ta fitar da littafi a kansa a shekarar 2000. Wanda duk ya tashi a cikin birni ko ƙauye ya san yadda mahauci ko mai shayi ko dillali ke ciniki da kurma da hannu ba tare da wata gargada ba. Al'ummarmu ba ta taɓa ɗaukar magana da hannu abin kunya ba. Turawa ne ma suka taɓa yin wannan kuskure: a taron Milan na 1880 malaman kurame, kusan dukkansu masu ji, suka yanke cewa a daina koyarwa da hannu, a tilasta wa yara magana da baki, kuma aka yi kusan shekara ɗari ana girbar sakamakon wannan hukunci kafin a dawo daga rakiyarsa.

Karatun boko na kurame ya shigo mana ta wata hanya daban. Andrew Foster, baƙar fata kurma daga Amurka, wanda ya kammala jami'ar kurame ta Gallaudet a 1954, ya buɗe makaranta a Ghana a 1957, sannan a Ibadan a 1960, kuma kafin rasuwarsa a hatsarin jirgin sama a Ruwanda a 1987 ya kafa makarantu sama da talatin a ƙasashen Afirka. Da maganar hannu ta Amurka ya zo, kuma ita ce tushen wadda ake koyarwa a makarantun kurame na Najeriya har yau, ita ce kuma ake gani a kusurwar talabijin lokacin labarai. Saboda haka yaron da aka kai makaranta irin ta Tudun Maliki a Kano, wadda aka buɗe a 1977, yana koyon maganar hannu ta makaranta tare da Turanci, ya dawo gida hutu ya tarar da iyayen da ba su san ko ɗaya daga ciki ba. Akwai muhawara a tsakanin kurame da malamansu a kan wanne ya kamata a fifita, kuma su ne suka fi cancantar yanke ta. Nawa ganin dai shi ne wannan ba baƙon al'amari ba ne a wurinmu: mun daɗe muna cewa yaro ya fara karatu da harshen uwa kafin a ɗora masa Turanci. A bar uwa da ɗanta su fara da maganar hannun da ake yi a unguwarsu, wadda maƙwabci ma zai gane, makaranta ta ɗora nata a kai. Harshe biyu bai taɓa yi wa kowa yawa ba.

To, yaro ya girma, ya fita daga hannunmu. A asibiti likita yana tambayar inda ke ciwo da tun yaushe, kurma yana nuni, a ƙarshe a rubuta magani bisa zato, kuma ba wanda zai bayyana masa sau nawa zai sha. Mace kurma mai juna biyu tana zuwa awo da ƙaramin ɗanta ko ƙanenta a matsayin tafinta, ta faɗi a gabansa abin da ko 'yar uwarta ba za ta so ta ji ba, ko kuma ta yi shiru ta haɗiye. A ofishin 'yan sanda da kotu ana rubuta jawabin da mai shi bai san abin da ke ciki ba, a ce ya dangwala. Yarinyar da aka ci zarafinta ba ta da hanyar faɗin wanda ya yi, kuma masu mugun nufi sun san da haka. A masallaci mutum ya shekara arba'in yana halartar Juma'a bai taɓa sanin abin da liman ya faɗa a huɗuba ba. Haka ɗan uwansa a coci. Duk waɗannan wurare abu guda suka rasa, tafinta.

Ba doka aka rasa ba. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman a 2010. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta haramta nuna musu wariya. Dokar ta tanadi tarar naira dubu 100 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya saɓa, da naira miliyan ɗaya ga kamfani. Ta ba su ilimi kyauta har sakandare, ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta ce asibitin gwamnati ya tanadi hanyar sadarwa ga majinyacin da ba ya ji, ta ce kowace makarantar gwamnati ta samu aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar, kuma maganar hannu ta shiga manhaja. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa da za ta kula da aiwatarwa, kuma wanda ya fara riƙe ta, James Lalu, shi kansa kurma ne. Wa'adin shekara biyar da dokar ta bayar don a gyara gine-gine ya cika a 2024. Kowane malami ya dubi makarantarsa ya faɗa wa kansa gaskiya: ina ma'aikacin nan guda ɗaya?

Ba kuma a rasa masu ilimin ba. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo tana yaye malamai tun da aka kafa ta a 1977, jami'o'in Jos da Ibadan da Bayero suna da sassan ilimi na musamman, kuma a Kaduna akwai cibiyar ƙasa ta kula da lafiyar kunne. Abin takaici, na san abokan aiki da suka karanta wannan fanni, aka tura su koyar da lissafi ko zamantakewa a makarantar da ba ta da kurma ko ɗaya da aka sani, alhali a gari na gaba akwai yara suna zaune a gida. Wannan ba matsalar kuɗi ba ce, matsalar rabon aiki ce, kuma rabon aiki yana cikin abin da ƙungiya ke da bakin magana a kai.

Yanzu kalmar da ake yayi ita ce ilimin haɗaka, wato a haɗa kowane yaro a aji ɗaya. Manufa ce mai kyau, ina goyon bayanta ga yaron da ke da sauran ji, wanda bencin gaba da na'urar ƙara ji da malami mai lura za su wadatar. Amma a ɗauki yaron da ba ya ji ko kaɗan a ajiye shi cikin yara tamanin, gaban malamin da ke magana yana fuskantar allo, a ce an haɗa shi, wannan yasarwa ce aka canza wa suna. Sanarwar Salamanca ta 1994, wadda masu kiran haɗaka ke kafa hujja da ita, ita da kanta ta ware kurame, ta ce saboda buƙatarsu ta sadarwa mai yiwuwa makaranta ta musamman ko aji na musamman a cikin makarantar kowa ya fi dacewa da su. Wannan na biyun shi ne ya dace da halinmu. A zaɓi makaranta ɗaya a tsakiyar kowace gunduma, a ware aji ɗaya, a tura malamin da ya karanta fannin tare da mataimaki kurma, yara su riƙa zuwa daga gidajen iyayensu, su yi wasa da tara da sauran yara, su yi karatu da harshen da suke ganewa. Da akwai irin wannan aji a lokacin, da mahaifin ɗalibina bai fuskanci zaɓi tsakanin rabuwa da ɗansa da raba shi da karatu ba.

Na san abin da wasu 'yan uwa za su ce, domin an faɗa mini a ɗakin malamai. Za su ce albashi bai isa ba, ƙarin girma ya maƙale, waɗanda suka yi ritaya suna bin garatuti, aji ya cika ya batse, sannan a zo mana da aikin da na ma'aikatar lafiya ne da ta jin daɗin jama'a? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba na neman a sauke ko ɗaya daga cikin waɗannan buƙatu. Sai dai ina tunatar da mu cewa ba wata ƙungiya a ƙaramar hukumar nan da ke da wakili a kowane ƙauye, yana ganin yaran garin kwana biyar a mako, in ba tamu ba. Likita sai an je masa. Malami kuwa yaron ne ke zuwa gabansa kullum.

Sannan wannan gemun ba na maƙwabci kaɗai ba ne, namu ma yana kusa da wutar. Dokar 2022 ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65, ko shekara 40 a bakin aiki, kuma mun yi murna da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka haura shekara 60 suna da raunin ji mai nakasarwa. Ma'ana, a cikinmu akwai malaman da ke tsaye gaban aji ba sa jin tambayar yaron da ke baya, suna ɓoyewa don tsoron kada a ce sun gaza. Na taɓa raka wani dattijon malami, wanda ya koyar da ni, wajen tantance 'yan fansho. Tun safe yake zaune, aka kira sunansa ta taga bai ji ba, aka wuce. Da la'asar muka je tambaya aka ce ai an kira shi bai amsa ba, sai wani zagayen. Mutumin da ya shekara talatin da biyar yana kiran rajista, ga shi an rubuta masa bai zo ba yana zaune a wurin. Asusun walwalarmu yana taimakawa a biki da suna da rasuwa. Ban ga dalilin da zai hana ya taimaka wa memba da kuɗin gwajin kunne, ko rancen sayen na'urar ƙara ji, ko ma batirinta, wanda shi ne ke sa da yawa su jefa ta a akwati bayan wata biyu. Wanda ke da babbar waya zai iya fara gwada kansa da manhajar hearWHO da hukumar ta fitar a 2019, kyauta ce, minti kaɗan take ɗauka.

Akwai abin da ba ya cin ko kwabo. A fom ɗin shigar da yaro makaranta a ƙara tambaya biyu: ya taɓa yin sanƙarau ko ƙyanda mai tsanani, kuma kunnensa yana zubar da ruwa? A makon farko na zango malami ya tsaya bayan kowane sabon ɗalibi da tazarar hannu, a toshe kunne ɗaya, ya raɗa lambobi yaron ya maimaita, sannan a juya ɗaya kunnen. Wannan ba gwajin asibiti ba ne, amma ya isa ya nuna wanda ya kamata a tura. Wani lokaci ma daskararren datti ne kawai, a wanke a asibiti yaro ya dawo yana ji garau. A cikin aji kuwa, malami ya daina magana yana fuskantar allo, ya tsaya inda haske ke faɗa wa fuskarsa, ya rubuta aikin gida maimakon ya faɗa da baki ana tashi, ya maimaita tambayar da wani yaro ya yi kafin ya amsa. Tsawa ba ta ƙara komai sai murguɗe leɓe da tsorata yaro. A kuma rubuta abin da aka gano a katin yaron, don malamin shekara mai zuwa kada ya fara daga inda na fara.

Abin da ke buƙatar ƙudurin reshe shi ne ajin koyon maganar hannu na mako-mako, a ɗaya daga cikin makarantunmu, ga malamai da iyaye da ma'aikatan asibiti da duk mai so. Masu koyarwa su zama kurame da kansu, kuma a biya su, domin harshensu ne, kuma mun gaji da ganin ana kiransu taro a ɗauki hoto a ba su lemo. A cikin shekara ɗaya za a samu mutum biyar ko shida da hannunsu ya faɗa, waɗanda za a rubuta lambobinsu a manna a asibiti da ofishin 'yan sanda, kafin a kai ga samun ƙwararren tafinta mai albashi, wanda shi ne haƙƙin da za mu ci gaba da nema. Iyaye mata su ma za su samu wurin haɗuwa, wadda ɗanta ya girma ta kwantar wa wadda aka gaya wa jiya hankali. Kafin a tsara komai sai a nemi shugabannin kurame na yankinmu, ta hannun reshen ƙungiyarsu ta ƙasa, a zauna da su tun daga zaman farko, domin sun fi mu sanin inda takalmin ke matsa musu. Ranar 3 ga Maris, ranar ji ta duniya, da 23 ga Satumba, ranar maganar hannu, sun ishe mu lokutan da za mu riƙa tsayawa mu duba inda aka kwana.

In Allah ya kai mu taron reshe mai zuwa zan gabatar da wannan a rubuce. Roƙona ga wakilan makarantu shi ne kowa ya zo da adadin yaran da yake zargin ba sa ji sosai a makarantarsa, da waɗanda ya san suna zaune a gida saboda kurumta, adadi kawai ba suna ba, don mu shiga ofishin sakataren ilimi da lissafi a hannu.

Ɗalibin nan nawa yanzu magidanci ne, yana da shago da yara biyu masu koyon aiki. A majalisar kurame ta bakin kasuwa ya koyi maganar hannu bayan ya bar hannunmu, kuma da ita yake hira da matarsa. Ni da shi sai ta saƙon waya. Na rubuta masa na tambaye shi ko zai zo ya koya mana in an buɗe ajin. Ya amsa cewa zai zo ranar Asabar bayan la'asar, in za a biya masa kuɗin mota da na awa biyun da zai rufe shago.